Ƙaramin jirgin tsere ko babban jirgin yawo: wanne ya fi dacewa da ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyar ke nan ina shiga tseren jiragen ruwa masu filafilai, amma kullum a jirgin wani nake, ina jan igiya, mai jirgi yana riƙe da sandar tuƙi. Yanzu na tara abin da zan sayi nawa, kuma jirage biyu ne a gabana waɗanda kuɗinsu ya yi kusan ɗaya. Na farko ƙaramin jirgin tsere ne ƙirar J/24, na biyu kuwa tsohon jirgin yawo ne mai tsawon ƙafa 40, mai ɗakunan kwana uku da wurin girki da banɗaki. Uwargidana ta fi son babban saboda yaranmu uku, ni kuma zuciyata tana kan tsere, ko da yake ina da burin wata rana in ƙetare tekun Atlantika. Ranakun Asabar da Lahadi kawai nake samun sarari, sai hutun mako uku a shekara. Wanne za ka ba ni shawara in saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Abu na farko da ya kamata ka cire daga lissafinka shi ne maganar cewa kuɗinsu ɗaya, domin kuɗin saye shi ne mafi ƙarancin abin da jirgi ke karɓa daga hannun mai shi a tsawon zamansu tare. Jirgi ba ya girma a tsawo kawai, yana girma a faɗi da zurfi a lokaci guda, saboda haka idan aka ninka tsawonsa sau biyu, faɗin jikin da za a shafa wa fenti yakan ninku sau huɗu, nauyinsa kuma ya ninku sau takwas. Jirgin J/24 yana da tsawon mita 7.32 da nauyin da ya kai kimanin kilo 1,400, alhali jirgin yawo mai ƙafa 40, wato mita 12 da 'yan kai, yakan kai tan takwas ko tara. Wannan bambanci yana bayyana a kowane abu da za ka saya daga baya: kaurin igiyoyi, girman anka da sarƙarta, faɗin filafilai, ƙarfin na'urorin jan igiya, da kuɗin ɗaga jirgin daga ruwa idan lokacin gyara ya yi. Wuraren ajiye jirage kusan ko'ina suna lissafin haya ne bisa tsawon jirgi, kuma za ka biya ko ka fita teku ko ba ka fita ba. Ƙaramin jirgin kuwa ana iya ɗora shi a kan tirela a ja shi da mota, a ajiye shi a tudu, inda ba ya bukatar fentin nan mai hana ciyayi da ƙananan halittun ruwa manne wa ƙasan jirgi, wanda masu barin jiragensu a ruwa ke sabuntawa kusan kowace shekara.

Akwai kuma dalilin da ya sa jirgi mai ƙafa 40 ya sauko har farashinsa ya yi daidai da na mai ƙafa 24, kuma dalilin shi ne shekaru. Araha ba ta ado. Babban jirgin yawo gida ne da ke zaune a cikin ruwan gishiri, yana da injin dizil, da batura, da wayoyin lantarki, da tankunan ruwa da na mai, da famfuna, da firiji, da bututun gas na girki, da bawul-bawul da ke ratsa gangar jirgin a ƙarƙashin ruwa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da ranar lalacewarsa. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigon filafilai, kamfanonin inshora da dama sukan so a sauya su bayan kimanin shekara goma ko da a ido suna da kyau, domin ƙarfen yana gajiya ta ciki ba tare da ya nuna alama ba. Idan mai sayarwa ba zai iya nuna maka takardar ranar da aka sauya su ba, to ka sa kuɗin sauyawa cikin farashi tun yanzu. Mutumin da Asabar da Lahadi kaɗai yake da su, idan ya sayi tsohon babban jirgi, sau da yawa yakan wayi gari ya ga Asabar ta tafi wajen neman inda ruwa ke yoyo, Lahadi kuma ta tafi wajen jiran kayan gyara, jirgin bai motsa daga inda yake ɗaure ba.

Kada ka ɗauka ina nufin jirgin tsere ba ya cin kuɗi. Yana ci, sai dai wurin cinsa daban ne. Filafilan jirgin yawo, waɗanda aka fi yi da yadin Dacron, suna iya yin shekaru masu yawa suna aiki, domin mai yawo bai damu ba idan yadin ya ɗan saki ya rasa siffarsa. Mai tsere kuwa siffar filafilan ita ce jarinsa, kuma da zarar ta fara lalacewa zai ga abokan karawarsa suna wuce shi a hankali ba tare da ya yi wani kuskure ba, saboda haka wanda ke son zama a sahun gaba yakan sabunta wasu filafilansa tun kafin su yage. Ga kuɗin rajistar kowace gasa, ga na jigilar jirgi idan gasar tana nesa. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne cewa wannan kashe kuɗi yana hannunka: idan shekara ta yi tsanani, sai ka yi tsere da tsofaffin filafilai ka haƙura da matsayi na tsakiya. Injin babban jirgi idan ya mutu, ba ya jiran shekara ta yi kyau.

Sai maganar hannaye, wadda ita ce na fi so ka zauna ka yi wa tunani mai tsawo. Jirgin J/24, wanda Rod Johnstone ya ƙera samfurinsa na farko a garejin gidansa a Amurka, aka kuma fara yin sa don kasuwa a 1977, an tsara tserensa ne da mutum huɗu ko biyar, har dokar ajinsa ta ƙayyade jimillar nauyin mutanen da ke ciki a kan kilo 400. Nauyin mutanen nan wani ɓangare ne na daidaiton jirgin, shi ya sa kake ganin su jere a gefen da iska ke fitowa, ƙafafuwansu na lilo a waje. Ka fi ni sanin wannan, tunda kana cikin masu jerawar. Abin da wataƙila ba ka ɗanɗana ba shi ne matsayin mai jirgi a daren Juma'a, lokacin da mutum biyu suka aiko saƙon cewa ba za su samu zuwa ba. Mai jirgin tsere rabin aikinsa tara mutane ne da riƙe su, kuma wanda ba shi da aƙalla mutum shida ko bakwai da zai iya kira don ya samu huɗu, jirginsa zai fi daɗewa a kan tirela fiye da cikin ruwa. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda ka tabbata za su bar jiragen da suke ciki yanzu su biyo ka. Idan sunayen ba su cika ba, to ka dakata da sayen, ka ci gaba da tsere a jiragen wasu, domin masu jirage kullum suna neman ƙwararren hannu irin naka.

Babban jirgin yawo yana da tasa matsalar ta hannaye, amma ta wata fuska. A tsakiyar teku mutum biyu suna iya tafiyar da shi, musamman idan yana da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta da filafilan gaba mai naɗewa. Wahalarsa tana bakin tasha ne, lokacin da iska ke bugun gefen jirgi mai tan tara kuma ana son a shigar da shi tsakanin wasu jirage biyu. Ƙaramin jirgi ana tare shi da hannu ko da ƙafa, amma duk wanda ya sa ƙafa tsakanin babban jirgi da bakin tasha yana neman karaya ne. Haka nan ƙarfin da iska ke yi a kan filafilai yana ninkuwa sau huɗu idan gudun iskar ya ninku sau biyu, kuma igiyar da ke riƙe da babban filafilai tana ɗauke da nauyin da zai iya cire yatsa idan aka naɗa ta ba daidai ba. Idan Uwargida ba ta taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, to a zahiri kai kaɗai ne matuƙi a jirgin da ke ɗauke da mutum biyar, uku daga cikinsu yara, kuma tambayar da dole a amsa kafin a bar tasha ita ce wa zai juyo da jirgin ya ɗauke ka idan kai ne ka faɗa ruwa.

Game da gudu, akwai abin da ke ba mutane mamaki. Jirgin da ke ratsa ruwa da gangarsa yana da iyakar gudun da tsawonsa a layin ruwa ya yanke masa, domin yana tafiya ne cikin taguwar da shi da kansa ya tayar. Jirgi mai ƙafa 20 a layin ruwa, kamar J/24, iyakarsa kimanin mil 6 na teku a awa, mai ƙafa 36 kuwa yakan kai mil 8, kuma mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Ke nan idan iska ta yi kyau aka miƙe hanya mai nisa, babban jirgin ne zai riga isa, sai fa lokacin da iska mai ƙarfi ta biyo bayan ƙaramin har ya hau saman ruwa ya zarce waccan iyaka. Amma abin da mai son tsere ke nema ba adadin mil ba ne. Yana neman jirgin da ke amsa masa nan take, wanda idan ya saki igiya da ɗan taƙi zai ji sauyin a tafin hannunsa, wanda kuma ke tafiya ko da iskar ba ta fi ta kaɗa ganye ba, a ranar da jirgin yawo mai nauyi zai tayar da inji. Wanda ya saba da wannan, idan ya koma bayan sitiyarin jirgi mai nauyi, yakan ji kamar an sa masa safar hannu mai kauri an ce ya yi rubutu.

Ita ma Uwargida tana da gaskiyarta, kuma bai kamata a yi mata kwana-kwana ba. A cikin J/24 babba ba ya iya miƙewa tsaye, babu banɗaki na sosai, babu inuwa, wurin zama cike yake da igiyoyi, jirgin kuma yana karkata sosai idan iska ta taso. Yara za su ji daɗinsa na awa biyu ko uku a rana mai sanyin iska, amma ba wurin kwana uku ba ne ga iyali. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka idan ka saye shi, ka saye shi da sunan jirgin tsere, kada ka gabatar da shi a gida da sunan jirgin iyali.

Ga hukuncina. Ka ƙirga ranakun da kake da su: ƙarshen mako da yawa a shekara, waɗanda ka riga ka saba ba tsere, da mako uku kacal na hutu. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma jirgin da ya kamata mutum ya mallaka shi ne na ranakun da suka fi yawa, na ranakun da suka fi ƙaranci kuwa a yi hayarsa. Idan sunayen da ka rubuta sun cika, ka sayi ƙaramin, ka ware wani kaso na abin da ka tsira da shi na haya da gyara, ka yi hayar babban jirgin yawo a lokacin hutu ku fita da iyali. Da haka za ku gane ko son jirgin na gaske ne ko na hoto, domin iyalai da dama sai bayan kwana biyu a ruwa suke gano cewa ɗayansu ba ya jure jiri da amai. Abu ɗaya ne zai sa in sauya wannan hukunci: idan bayan haya sau biyu Uwargida ta ce tana son koyon tuƙi da kanta, kuma tana son fita kowane mako. A lokacin sai ku nemi jirgin yawo, amma ko a nan zan fi karkata ga mai ƙafa 32 zuwa 35 da aka kula da shi fiye da mai ƙafa 40 da aka yi sakaci da shi.

Burin Atlantika kuwa ba ya bukatar ka mallaki jirgi yau. Kowace shekara a watan Nuwamba ayarin jirage na ARC yana tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Saint Lucia a yankin Karebiyan, tafiyar kimanin mil 2,700 na teku wadda yawancin jirage ke yi cikin kusan mako uku, kuma masu jirage sukan nemi ƙarin hannu. Makonninka uku na hutu, da ɗan ƙari, za su iya kai ka can a jirgin wani. Kowanne ka zaɓa daga cikin jiragen biyu, kada ka biya kafin ƙwararren mai duba jirage, wanda kai ka ɗauko ba mai sayarwa ba, ya gan shi a tudu. A ƙaramin, ka sa ya ƙwanƙwasa saman jirgin ya nemi inda ruwa ya shiga katakon balsa mara nauyi da ke tsakanin shimfiɗun faiba biyu na jikin jirgin ya ruɓar da shi, ya kuma duba inda fiffiken ƙasa mai nauyi ya haɗu da ganga, domin jirgin tsere da ya shekara da yawa da wuya a ce bai taɓa bugun ƙasa ko wani jirgi ba.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya nace cewa babban jirgi ya fi ƙarami aminci idan guguwa ta taso, don haka yake so mu ci bashi mu ƙara girman wanda za mu saya. Shin haka abin yake?

AMSA: Malama, maigida yana da rabin gaskiya. Idan jirage biyu ƙirarsu ɗaya ce kuma an kula da su daidai, mai tsawo ya fi wuyar kifewa, domin taguwar da za ta mirgina shi sai ta fi girma, kuma motsinsa ya fi taushi, abin da ke rage gajiyar mutanen ciki. Amma girma ɗaya ne kawai daga cikin ma'aunai. A tseren Fastnet na watan Agustan 1979, wanda ya tashi daga Cowes a Ingila ya zagayo wani dutse a kudu maso yammacin Ireland, jirage 303 ne suka fita, guguwa ta same su a hanya, 'yan tsere 15 suka rasa rayukansu. A aji mafi ƙanƙanta jirgi ɗaya tak ya kammala tseren, sunansa Assent, ƙirar Contessa 32, siririn jirgi mai nauyi a ƙasa wanda ko ya kwanta har jigonsa ya shiga ruwa yakan miƙe da kansa. Jirage da dama da suka sha wahala a ranar masu faɗi ne marasa nauyi, waɗanda aka zana don cin moriyar dokar auna jiragen tsere ta wancan zamani, kuma irinsu idan suka kife sukan daɗe a kife. Wani darasin da aka ɗauka shi ne cewa cikin jirage 24 da mutanensu suka bari, biyar kawai suka nutse, sauran an same su daga baya suna yawo a saman ruwa.

Tun kafin wannan, Robin Knox-Johnston ya zagaya duniya shi kaɗai ba tare da tsayawa ba daga 1968 zuwa 1969, cikin kwana 312, a jirgin Suhaili mai ƙafa 32. Saboda haka maimakon tsawo kaɗai, ku duba ajin da aka ƙera jirgin dominsa. Jiragen da ake sayarwa a Tarayyar Turai suna ɗauke da harafin A, B, C ko D: ajin A an gina shi don iska da ta wuce mataki na 8 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort da taguwa da ta haura mita 4, B har zuwa mataki na 8 da mita 4, C har zuwa mataki na 6 da mita 2, D kuwa na ruwa mai kariya ne. Bashin da za ku ci don ƙarin ƙafa biyar, idan ya cinye kuɗin sabunta wayoyin jigo, da rigunan ceto, da rediyo, da horon da ku biyun za ku samu kan rage filafilai kafin iska ta yi ƙarfi, to amincinku ya ragu ne, bai ƙaru ba.

TAMBAYA: Ina da jirgin yawo mai ƙafa 34. Zan iya shiga tsere da shi, ko za a yi mini dariya?

AMSA: Za ka iya, Malam, kuma ba kai kaɗai za ka kasance ba. Yawancin ƙungiyoyin masu jirage suna gudanar da tseren da ake ba kowane jirgi lamba gwargwadon tsawonsa da nauyinsa da faɗin filafilansa, a ƙarƙashin tsare-tsare irin su IRC da ORC, da PHRF a Amurka, sannan a gyara lokacin da kowa ya yi da wannan lamba, ta yadda jirgin da ya iso na goma zai iya zama na farko a takarda. Wasu ƙungiyoyin ma suna ware aji na waɗanda ba sa ɗaga babban filafilan nan mai kama da balan-balan, wanda shi ne ya fi bukatar hannaye. Kafin ranar, ka tambayi kamfanin inshorarka ko yarjejeniyarku ta haɗa da tsere, domin da yawa ba ta haɗa ba sai an ƙara, ka karanta dokokin ba da hanya musamman na wurin tashi da na zagaya alama, ka wanke ƙasan jirgin, sannan ka sauke kayan da ba a bukata waɗanda dokar ajinku ta yarda a sauke, domin jirgin yawo yakan tara tarkace a kowane lungu ba tare da mai shi ya lura ba.